Tuba a Hankali

Ranar Alhamis da yamma, an taso daga kasuwar Maigatari. Malam na kan buzu gindin darbejiya, sai ga Mai Awo da Na-Kwance da Jauro, kowa ya zube ya kwashi gaisuwa.

Mai Awo: Allah gafarta Malam, tun ranar da ka fassara mana Wailul lil muɗaffifina na sa Allah a gaba. Tiyar nan tawa mai lotsattsen gindi, na kai wa maƙeri ya buɗe ta.

Malam: Madalla! Wacce daga ciki?

Mai Awo: Wadda nake saye da ita.

Malam: Ta sayarwar fa?

Mai Awo: Ita tana tuba a hankali, Malam. Ka san tsufa.

Jauro: Aradu gero tiya uku ya auna mini, inna-wuro ta sake aunawa ta ce ko na biya ta wajen kaji.

Na-Kwance: Ku bar batun awo. Ni tawakkalina ya fi na kowa. Ba kai ka ce da mun dogara ga Allah yadda ya kamata, da an ciyar da mu kamar tsuntsu ba? Shi ya sa bana ko fartanya ban taɓa ba.

Malam: Ka sha romo ka bar naman. Hadisin cewa ya yi tsuntsu yana sammako da yunwa, ya dawo da yamma a ƙoshe. Fita yake yi.

Na-Kwance: Ni ma ai na fito. Ga ni gindin bishiya.

Malam: Jan-baki ma sai ya tashi daga fadamar Haɗeja kafin ya samu gero. Tirmizi ya ruwaito daga Anas, wani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali. Aka ce masa ɗaure ta, sannan ka yi tawakkali.

Na-Kwance: To ni da ba ni da taguwa, an yafe mini ɗaurin ke nan.

Malam (ya yi tagumi): Jauro, kai fa?

Jauro: Ni dai yau na sayar da bijimi a kara. Sai da na kusa gida na ƙirga, na ga dillali ya yi mini rara. Da can sai in ce rabo ne. Yau ƙirjina ya ƙi, na juya da ƙafa na mayar masa.

Mai Awo: Subhanallahi! Da ka fara biyowa ta wajena an yi shawara.

Malam: Shawararka ita ce zakka. Gonarka ruwan sama ya shayar da ita, in ta kai nisabi dami ɗaya ne cikin 10.

Na-Kwance: Wannan babin na haddace shi! Ga ma buhuna na zo da shi.

Ladan ya kira magariba, aka nufi masallaci. A bakin ƙofa Mai Awo ya dubi Na-Kwance, ya dubi sababbin takalmansa, ya cusa su a hammata.

Na-Kwance: Haba Alhaji, ina tawakkalin?

Mai Awo: Taguwata nake ɗaurewa.