Maradi: ƙwaya ta fara cin gurbin tuwo

Duk lokacin da aka ɗauko zancen shan ƙwaya a Maradi, mutum ɗaya ake nunawa da yatsa: saurayi ɗan kabu-kabu, ido jawur, ya afa tiramol yana tsala gudu. A kansa ake huɗuba ranar Juma'a, kuma shi ake tunawa idan jami'an OCRTIS, hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, ko ƴan duwan suka baje kayan da suka kama a hanyar Ɗan Isa. Babu mai musun cewa wannan bala'i ne. Sai dai ƙwayar da ke cin mu a ɓoye ta fi wannan yawa, kuma masu shanta mutanen kirki ne da ba wanda zai kira su ƴan ƙwaya. Tana cikin adakar amarya, tana aljihun alhaji, tana cikin ledar da tsohuwa ta rataye a ƙusa. Idan ka bi sawun kowace ɗaya, sai ka tarar ya kai ka bakin murhu. Abin da muke ci, da abin da muka rasa ci, shi ke tura mu wurin mai magani.

Shi kansa mai tiramol ɗin, a tambaye shi abin da ya karya kumallo da shi. Ɗan dako a babbar kasuwa, lebura a wurin gini, mai noman ƙwadago da damina, yawancinsu ba don nishaɗi suka fara ba. Ƙwayar tana kashe ciwon jiki, tana kuma toshe cin abinci, kuma kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa da wake ba. Mutum ya haɗiye ta da shayi mai kauri, ya yini yana aiki ciki wayam. A asibiti ana ba da ita ne miligiram 50 ko 100, kuma ba a yarda a wuce 400 a yini ba. Wadda ake fasa-ƙwaurinta kuwa akwai mai 120, akwai mai 225 har da 250. Biyu daga cikin manyan sun riga sun tsallake iyaka, shi ya sa ake ganin samari suna faɗuwa suna shure-shure irin na farfaɗiya. A 2018 Indiya ta tsaurara dokar fitar da tiramol. Kasuwa ba ta mutu ba, sai aka cike gurbin da wani haɗi na tapentadol, maganin ciwo dangin tiramol, da carisoprodol mai sassauta tsoka, wanda binciken BBC ya bankaɗo a 2025 yadda ake turo shi Afirka ta Yamma. Sunan kwali ya sauya, yunwar mai saye tana nan inda take.

Wanda kuma ba zai taɓa tiramol ko da wasa ba, shi ma yana da tasa. Diklofenak da ibuprofen sun zama kamar abin karin kumallo ga magidanta da yawa: ciwon baya, ciwon gwiwa, “jikina ne duk ba daɗi”, sai a aiki yaro da dala ashirin wurin mai faranti, mai tallan magani. Waɗannan magunguna suna rage kariyar da ke bangon ciki, kuma suna rage jinin da ke isa ƙoda. A sha su ciki babu komai, cikin zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, jiki ya bushe da gumi, to an haɗa wa ƙoda aiki biyu. Bayan wata da watanni sai zafin ƙirji ya taso, a ce olsa ce, a ƙaro maganin olsa a kai, a ci gaba da shan na farkon. Diklofenak da ibuprofen ɗin suna kuma ɗaga hawan jini, abin da ba mai farantin da zai faɗa wa mai saye, don shi ma bai sani ba.

Inda abin ya fi ba ni takaici shi ne ɗakin mata. A al'adarmu, mace ta yi ƙiba alama ce ta mijinta yana riƙe ta da kyau, ramammiya kuwa dangi su yi ta tsegumi, a ce ko kishiya ce ta hana ta sakat. Da can amarya da fura da nono ake gyara ta, da kunun gyaɗa da farfesun kaza, a hankali. Yanzu an sami gajeriyar hanya: sha-ka-fashe. Mafi yawa deksametazon ce, wani lokaci a haɗa da siproheptadin, maganin ƙaiƙayi da mura da ke buɗe ciki yana sa barci. Deksametazon magani ne mai daraja a hannun likita, yana ceton mai asma da mai kumburi mai tsanani. Amma abin da take yi wa mai lafiya ba ƙiba ce ta ƙoshi ba. Jiki yana riƙe ruwa da gishiri, kitse ya taru a fuska da wuya da ciki, hannu da ƙafa kuwa su sirance saboda tsoka na narkewa. Fata ta yi laushi ta tsattsage da nankarwa, ƙashi ya yi rauni, suga ya hau, jini ya hau, garkuwar jiki ta faɗi, ƙaramin ƙurji ya ƙi warkewa. Yunwar da take tayarwa kuma ba da zogale ake kashe ta ba. Da taliya da mai ake kashe ta, da burodi da madarar gwangwani da lemun roba cikin dare. Yarinya ƴar shekara ashirin sai ta wayi gari da ciwon da a da sai a gidan tsofaffi ake jin sunansa. Ƙawayen da suka ce mata “kin yi kyau, kin murje” ba za su raka ta awon suga ba. Mu maza kuma kada mu noƙe, don yabonmu ne kasuwar wannan ƙwaya.

Haka abin yake gangarowa kan yara. Binciken abinci mai gina jiki da ake yi a ƙasar nan ya sha nuna cewa fiye da rabin yaran jihar Maradi ƴan ƙasa da shekara 5 tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, kuma kowa ya san yadda gadajen cibiyar tamowa ta Madarunfa ke cika idan damina ta tsaya. Uwa ta ga ɗanta ba ya cin abinci, sai ta sayo maganin ruwa mai buɗe ciki. Yaron ya yi barci, ya tashi ya sha kunun da ba gyaɗa ba nono, ita kuma ta ɗauka an samu sauƙi. Kuɗin kwalbar nan da ya sayi ƙwai, ko ƙuli-ƙuli da garin wake da za a zuba a kunun.

Gidan mai hali ma bai tsira ba, nasa salon ne daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, kuma kowa ya san nawa ake marmasawa a tukunya ɗaya, ban da gishirin kansa, ban da yajin da ake barbaɗa wa tsire da kilishi. Suga kuwa ma'aunin hukumar bai wuce kimanin giram 50 a yini ba, wanda shayin fada, na ɗaya da na biyu da na uku, kan cinye kaso mai yawa daga ciki tun kafin a buɗe lemu. Sai alhaji ya kamu da tansiyo, wato hawan jini, a rubuta masa ƙwaya ɗaya, ba ta riƙe ba, a ƙara ta biyu, a ƙara ta uku, tukunyar hajiya kuwa ba wanda ya leƙa. Ga wani abu da mutane ƙalilan suka sani: farasitamol ɗin nan da ake jefawa a ruwa ya yi kumfa, wanda muke ɗauka na masu hali ne, wasu irinsa kowace ƙwaya tana ɗauke da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, kusan miligiram 400, alhali iyakar yini 2000 ce. Mai hawan jini ya sha huɗu don ciwon kai, ya kusa cika ma'auninsa bai ci ko loma ba.

Za a ce talauci ne, magani ya fi abinci araha. Akwai gaskiya a ciki, musamman ga ɗan dako. Amma hujjar ba ta rufe komai ba. Garin da ke da fadamar Jiratawa a bayan gida, inda ake ɗebo zogale buhu-buhu, garin gyaɗa da wake da aya da jar akuya mai nono, bai kamata ya mayar da kwaɗon zogale da dambu da daddawa abincin ƙauyawa ba. Mun bar su ne don ganin shinkafa da taliya da magi su ne wayewa, kuma masu kuɗi ne suka fara.

Ma'aikatan lafiya su ma da nasu kason, mu masu jinya da namu. Mutumin Maradi idan ya je asibiti aka ce masa ya rage gishiri ya sha ruwa ya dawo bayan mako biyu, fita zai yi yana cewa majo, wato ma'aikacin jinyar, bai iya aiki ba. Sai an yi masa allura, an yi masa ƙarin ruwa, an cika takarda da suna biyar ko shida, sannan hankalinsa ya kwanta. Ma'aikacin da layi ya yi wa yawa ya san rubuta magani ya fi saurin sallama a kan zama a tambayi mutum me yake ci. A wasu wuraren kuma, mai rubutawa shi ne mai sayarwa. Wannan ko an so ko an ƙi yana tsawaita takarda.

Nijar na cikin ƙasashe bakwai da suka shiga yunƙurin Lome na 2020 kan yaƙi da jabun magunguna, kuma tun Satumban 2024 gwamnati ta rage rabin kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje a asibitocinta. Wannan ragi ya kamata ya karya hujjar “zuwa asibiti tsada”. Abin da ya rage shi ne a kula da magungunan da ba jabu ba ne, amma suke hannun da bai dace ba. Deksametazon da siproheptadin su daina fita daga farmasi ba takardar likita, a kuma kwashe su daga faranti da shagunan kayan kwalliya kamar yadda ake farautar tiramol. Kowane CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa ko ƙauye, ya sa awon jini da tambayar abinci cikin aikin yau da kullum, ungozoma ta yi wa amare da masu jego maganar sha-ka-fashe baki da baki. Malamai da ke wa'azin ƙwaya su riƙa sako ta a ciki.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya zubar da maganin hawan jini ko na suga da likita ya ɗora shi a kai, ya koma shan ruwan zogale. Gyaran abinci yana tafiya tare da magani ne, kuma likita ne zai rage idan awo ya nuna. Wadda ta daɗe tana shan sha-ka-fashe ma haɗari ne ta yanke lokaci guda, domin jikinta ya daina samar da nasa sinadarin, jini na iya faɗuwa ta suma, har a rasa rai. Ta je asibiti da kwalin a hannu, ta faɗi tsawon lokacin da ta yi tana sha, a sauke mata a hankali.