Kun fasa burawun kun dasa ciyawa, ruwan fa?

Wai wa ya gaya wa kwamitocin ƙananan kulob ɗinmu na golf cewa sai da koren girin, wato shimfiɗar gajeriyar ciyawar da ke kewaye da ramin da ake jefa ƙwallo, fili yake cika fili? Mamba ya biya kuɗin shekara, ya sallami kadi mai ɗaukar masa sanduna, amma da damina ya buga cikin taɓo, da bazara ya buga kan fako. Haba!

Waɗanda suka yi burawun, wato girin marar ciyawa, tun zamanin Turawa sun san ƙasar da suke ciki. Yashi ne tankaɗaɗɗe a cuɗa da baƙin mai, a daddaɓe, a ja buhu a share wa ƙwallo hanya zuwa rami. Ko cokalin ruwa ba ya sha. Sai sabon kyaftin ya je Abuja ya ga kore shar, ya dawo ya sa a fasa, a zuba jar ƙasa, a dasa kiri-kiri, a yi bikin buɗewa.

Girin gini ne, ba shuka kawai ba. Daga can ƙasa ake shimfiɗa bututu mai huji, tsakanin layi da layi kada ya wuce mita 5, kuma da ɗan gangare don ruwa ya fice. A bi shi da tsakuwa santimita 10, sannan yashi haɗe da ruɓaɓɓen taki santimita 30. In aka tsallake wannan, ruwan Agusta zai kwanta, saiwa ta ruɓe. Jar ƙasa kuwa in ta bushe sai ta koma siminti, ƙwallo ta dira ta yi tsalle ta faɗa daji.

To ga lissafin da kwamitocin ba sa son ji. Girin mai murabba'in mita 500, in za a ba shi ruwa milimita 6 a rana cikin Afrilu, lita 3,000 ke nan. Fili mai rami tara, girin tara ke nan, lita 27,000 kullum. Da wace rijiyar burtsatse? Da wane dizal? Ga aski: milimita 4 ko ƙasa da haka ake so, da injinsa na musamman, su kuwa sai su turo injin yankan ciyawar gida ya yi wa wurin ƙwal-kwabo.

Tsarin ma abin takaici ne. An tula ƙasa don kwalliya, an haƙa rami a kan gangaren da ya wuce kashi 3 cikin ɗari, ka taɓa ƙwallo a hankali ta wuce ta dawo ƙafarka. Ramin yashi, tarkon ƙwallo, ba magudana, ya zama kududdufin kwaɗi. Darbejiya a gefen girin, inuwa ta sama, saiwa ta ƙasa, ciyawa ta ƙi. Rami na farko ya kalli gabas, na ƙarshe ya kalli yamma, mai sammako da mai fitowa bayan la'asar duk rana ta kashe musu ido.

In ba ku da ruwan, ku dawo mana da burawun ɗinmu, kuɗin kuma a yi shinge ko shanu da 'yan acaɓa sa daina ratsa filin.