Yaron da aka ba gurbin Tarihi a jami'a

A makon jiya yayata da ke Unguwar Rimi ta kira ni bayan sallar isha'i, muryarta kamar wadda aka yi wa rasuwa. Ɗanta ya nemi karatun lauya, amma da sunaye suka fito sai aka ba shi Tarihi. Ta ce da ni, "Kai da ka yi wannan karatun, ka gaya mini tsakaninka da Allah, me yaron nan zai ci da shi?" Na ce, "Yaya, ki bar shi ya je ya yi rajista, zan zo gida mu yi magana." Tun da na ajiye wayar tambayar take yi mini yawo a kai, domin na san ba ita kaɗai take yin ta ba a garin nan.

Abin da iyaye da yawa suke zato shi ne ɗalibin Tarihi zai shafe shekara huɗu yana haddace sunayen sarakuna da shekarun yaƙe-yaƙe, kamar maroƙin fada. Gaskiyar magana, haddar ita ce mafi ƙanƙantar abin da ake yi. Ainihin horon shi ne a ɗora maka takardu biyu ko uku da suka saɓa wa juna a kan lamari ɗaya, a ce ka gano wa ya rubuta kowacce, don wa ya rubuta ta, me ya gani da idonsa, me aka gaya masa, kuma me ya ga dama ya ɓoye.

Ban fahimci wannan sosai ba sai ranar da na fara shiga ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke nan Kaduna, ɗaya daga cikin manyan rassa uku, sauran biyun suna Ibadan da Inugu. Aka kawo mini wani fayil da aka ɗaure da zare, takardunsa sun yi ja, gefensu yana marmashewa idan ka buɗe da gaggawa. Rahoton wani Di'o ne na zamanin Turawa a kan ƙididdigar haraji da jangali a wata gunduma. Ya jera yawan magidanta da shanu da gonaki da tabbaci irin na wanda ya ƙirga da hannunsa, amma a shafi na gaba sai ga shi yana ƙorafin cewa makiyaya sun ƙetare da garkunansu kafin ya iso, kuma duk abin da ya ji ta bakin tafinta ya ji shi. Daga ranar na daina karɓar adadi don kawai an buga shi da keken rubutu an sa hannu a ƙasa. Wannan ɗabi'a ita ce na ci abinci da ita a duk inda na yi aiki bayan haka.

Mu mutanen Kaduna ma bai kamata a ce muna raina wannan fanni ba, domin a tsakiyarsa muke zaune. Gidan Sardauna da ke titin Rabah, wanda ya zama Arewa House, cibiyar binciken tarihi da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, cike yake da rubuce-rubucen Larabci da ajami da takardun gwamnatin Jihar Arewa, kuma Farfesa Abdullahi Smith ne ya fara shugabantarsa. Mutum-mutumin Nok da duniya take tinƙaho da su, a kudancin jiharmu aka fara tono su a 1928 wajen haƙar kuza. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, wanda ya rasu a 2005, malamin Tarihi ne a Zariya, kuma shi ya riƙe muƙamin sakataren gwamnatin jihar nan a zamanin Balarabe Musa. Ko makarantar horar da hafsoshin soja da ke cikin garin nan tana da sashen Tarihi da nazarin yaƙi.

To, ina ake zuwa da digirin? Koyarwa ita ce ƙofa ta farko, kuma ta ƙara faɗi tun da gwamnatin tarayya ta maido da darasin Tarihi a firamare da ƙaramar sakandare a 2022, bayan an cire shi fiye da shekara goma, wanda hakan ya bar makarantu da ƙarancin malaman da suka san fannin. Akwai aikin jarida a rediyo da talabijin, akwai gidajen adana kayan tarihi, akwai aikin gwamnati da na jakadanci, shi ya sa jami'o'i da dama suka haɗa Tarihi da nazarin hulɗar ƙasa da ƙasa a sashe ɗaya. Amma wurin da na fi ganin amfaninsa, kuma ba a cika ambatonsa ba, shi ne rigingimun sarauta da iyakokin ƙasa. Duk lokacin da aka kafa kwamitin bincike a kan rikicin wane ne ya riga wani zama a wuri, ko wane gida ne yake da haƙƙin gadon sarauta, lauyoyin kansu sai sun koma ga tsofaffin fayilolin nan, kuma sai sun nemi wanda ya iya karanta su ba tare da ya ɗauki son ran Bature a matsayin hujja ba. A jiha irin tamu, inda kowace al'umma take da nata labarin asali, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Ba zan yi wa yayata ƙarya ba, takardar digirin ita kaɗai ba ta buɗe ofis. Na san abokan karatuna da suka fita da sakamako mai kyau suka daɗe suna yawo da takardu a hannu, kuma albashin malamin makaranta kowa ya san yadda yake. Waɗanda suka yi nisa a cikinmu su ne waɗanda suka haɗa Tarihin da wani abu: wani ya ƙware a Larabci har yana fassara tsofaffin wasiƙun sarakuna, wani ya koyi Faransanci saboda takardun Nijar da Kamaru, wata kuma ta koyi ɗaukar hoton takardu da tsara su a kwamfuta.

Da na je gidan ranar Asabar, na tarar yaron ya yi karatun allo har ya sauke, kuma yana karanta ajami ba tare da tuntuɓe ba, abin da yawancin 'yan ajinsa ba za su iya ba. Na ce masa ya shirya ranar Litinin da safe, zan biyo in ɗauke shi mu je Arewa House ya ga ɗakin karatun da idonsa kafin ya yanke shawarar ko zai nemi canjin kwas.