Marsai Martin da yaranmu masu fitowa a fim

Jama'a ni dai tun da na zo Amurka akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya game da yaran da ke fitowa a fim a gida, kuma labarin Marsai Martin ne ya sake tado min da shi. A 2004 aka haife ta a Plano, jihar Texas, tana shekara 10 ta fara fitowa a shirin Black-ish, ita ce Diane, 'yar ƙaramar nan mai tabarau da kaifin baki. To a wannan ƙuruciyar fa ta kawo shawarar wani fim da kanta, kuma manya suka zauna suka saurare ta, ba wanda ya ce ke yarinya rufe mana baki. Fim ɗin Little ya fito a 2019 da sunanta cikin manyan furodusoshi tana shekara 14, har Guinness suka sa ta a kundinsu na bajintar duniya, an kashe masa dala miliyan 20 ya dawo da fiye da ninki biyu. Tana da kamfaninta Genius, iyayenta na aiki tare da ita a ciki, kamfanin fina-finai na Universal suka ƙulla yarjejeniya da ita, daga baya a 2022 ta buɗe kasuwancin farcen kwalliya, Mari by Marsai.

Wallahi ba wai ta fi yaranmu basira ba ne. Muna da yaran da za su sa ka kuka a sin ɗaya. Abin da ta samu shi ne kuɗinta nata ne, sunanta na kan takarda. A California akwai dokar da ake kira Coogan, tun 1939, kuma asalinta abin tausayi ne, wani yaro ne Jackie Coogan da ya yi fim da Charlie Chaplin ya tara dukiya, da ya girma ya tarar uwarsa da mijinta sun cinye kusan komai, sai da ya kai su kotu. Yanzu dole a ware kashi 15 cikin 100 na abin da yaro ya samu a zuba a asusun da ba mai taɓawa sai ya kai 18, kuma dole a kawo malami wurin ɗaukar fim, karatu ba ya tsayawa.

Mu kuwa fa? Yarinya ta wuni a lokeshan cikin rana, a miƙa wa wanda ya rako ta ɗan abin da ya samu a ce ga na mota, shi ke nan, ba kwantiragi ba komai, fim ɗin kuma yana YouTube shekara da shekaru yana kawo wa wani kuɗi. In ta zama budurwa kuma sai surutu, 'yar fim ce, wa zai aure ta. Wannan ne ya fi ƙona min rai, mu muka yi ta dariya da tafi tana ƙarama, mu ne kuma masu zaginta.

Kuma fa 'yan matanmu ba ragwaye ba ne, dubi Maryam Booth da ta taso a fim tun tana yarinya har ta ci kyautar fina-finan Afirka ta AMAA a 2020 da fim ɗin The Milkmaid. Da yawansu suna sayar da atamfa da leshi da turare da kayan kwalliya a Instagram, Allah Ya sa albarka, amma na fi so in ga suna da kaso a fim ɗin kansa.

Ban ce komai na nan alheri ne ba, yara da yawa shahara ta lalata su a Hollywood, kuma tarbiyyarmu ba zan musanya ta da dala ba. Amma ajiye wa yaro haƙƙinsa ai ba sai Bature ya koya mana ba, addininmu ya riga su faɗa. Ina roƙon furodusoshinmu da iyaye, duk yarinyar da za a sa a gaban kyamara a rubuta nawa za a biya ta, a buɗe mata asusu da sunanta, kuma kar a ɗauke ta ranar makaranta.