Ranar da Na Zama Ba Kowa

Ƙanena ɗan jami'a ne ya ja min. Ya tarar ina ta tsaki kan kuɗin haya, sai ya ce, "Yaya, metis ka rasa." Wai haka Girkawan dā ke kiran wayon da ake haɗawa da daɗin baki, a cuce ka kana godiya. A tatsuniyoyinsu gwanin wannan harka shi ne Odisiyus. Wani dodo mai ido ɗaya, Polifimus, ya kulle shi a kogo yana cinye masa mutane. Gogan ya lallaɓa dodon da giya, ya ce sunansa Ba Kowa, ya bari barci ya kwashe shi, ya tsiyaye masa ido. Da maƙwabta suka zo tambayar wa ya taɓa shi, dodo ya ce, "Ba Kowa!" Kowa ya koma makwancinsa. Da safe Odisiyus ya maƙale a ƙarƙashin rago ya fice.

Na ce wannan ai Gizo ne ya yi boko.

Da Alhaji mai gida ya zo, na shimfiɗa darduma, na haɗa shayi mai kauri, na aika aka sayo tsire. "Alhaji, ranka ya daɗe, kai da kanka cikin wannan rana?" Ya sha, ya ƙara, ya cinye tsiren har da albasar, ya suɗe yatsa. Sannan ya ce, "Malam, madara da tsire? Alhamdulillahi, ashe kuɗi sun samu. Gobe da safe ina tafe."

Washegari ya buga ƙofa. "Wa ke ciki?"

Na shaƙe murya: "Ba kowa!"

"To Ba Kowa, in ka ga Malam ka ce masa ina zaure, na zo da rediyona."

Saura dabara ɗaya. Na haura katangar baya na dira cikin garken maƙwabcina. Ragon Girka dai ɗaukar mutum yake yi. Wannan kuwa balami ne da ake turkawa don Babbar Sallah, bai san tatsuniya ba. Ya ja da baya, ya auna, ya naushe ni a ƙugu har na tsinci kaina a lungu, takalmi ɗaya a ƙafa.

Alhaji na tsaye a lungun, rediyo a kafaɗa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, wa ya yi maka haka?"

Na buɗe baki, na rufe.