Kafin a kawo wa Zariya ƙaton lilo

Duk wanda ya tashi a Zariya ya san yammacin ranakun Sallah. An gama kallon hawa a ƙofar fada, dawakai sun watse, yara kuwa ga sababbin kaya ga kuɗin barka da Sallah a aljihu, ba mai niyyar komawa gida. Daga Tudun Wada, Sabon Gari har Samaru ana ta neman inda aka kafa lilo. Wanda na sani da ƙuruciya aikin mai walda ne: bututun ƙarfe, sarƙa, kujera mai jan fenti, sai ƙato guda yana turawa da hannu yana cewa "ku riƙe da kyau". Ka miƙa masa 'yan canjinka, ya cilla ka har ka hango rufin kwanon unguwa.

Yanzu a Ingila nake zaune, kuma da zafi mukan kai yara filin wasa na Thorpe Park, kudu maso yammacin Landan. A can akwai wani lilo mai suna Rush da aka buɗe a 2005. Hannuwa biyu gare shi, kowanne na ɗaukar mutum 16, in ɗaya ya yi gaba sai ɗayan ya yi baya. Iska ce da aka matse take tunkuɗa shi, shi ya sa yake wani irin huci duk sanda ya tashi. Yana kai mutum sama da mita 20, da gudun kusan kilomita 80 a awa. In ya kai ƙarshe fuskarka ƙasa take kallo, ka ji jikinka ya rabu da kujera, ƙarfen da ke kan cinyarka kaɗai ke riƙe da kai.

Da na tura bidiyonsa gida, ƙanina ya rubuto: "Yaya, don Allah ku sa a kawo mana irin wannan Zariya." Na ce masa ba yanzu ba, kuma wallahi ba don raina garinmu na faɗa ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wurin yana bakin ƙofar shiga: sandar awon tsayi. Yaron da bai kai ba ba ya hawa, ko ɗan wane ne. Na ga yarinya na rusa kuka, ubanta na roƙo, ma'aikaciyar ta ba su haƙuri ta nuna musu lilon ƙananan yara, magana ta ƙare. A gida da tuni wani ya ce "ai yayarta za ta riƙe ta a cinya". Bayan an zauna, ma'aikaci yana bin kujeru ɗaya bayan ɗaya yana jijjiga ƙarfen da hannunsa. Kullum da safe sai an duba lilon an kunna shi babu kowa a kai, kowace shekara kuma sai wani mai bincike da ba ma'aikacin wurin ba ya zo ya duba walda da notuna, shi ne zai ba da takardar ci gaba da aiki.

Duk da haka ƙarfe yakan ci amana. A 2017, a wata kasuwar baje koli a jihar Ohayo ta Amurka, hannun wani lilo ya ɓalle, mutum ɗaya ya rasu, bakwai suka ji rauni. Tsatsa ce ta cinye ƙarfen daga ciki, inda ido ba ya gani, alhali an duba lilon an ce lafiyarsa ƙalau. A watan Yulin 2025 wani ya karye a Ɗa'ifa ta Saudiyya da mutane a kai, fiye da 20 suka jikkata. To mu da ruwa ke dukan ƙarfe tun daga Mayu har Oktoba, ƙurar hunturu ta biyo baya, wuta kuma sai janareto? Tsorona shi ne a sayo gwanjon lilo da Turawa suka gama da shi, a shafa masa sabon fenti, a ɗora mana 'ya'ya. In abu ya faru a ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda ya karɓi kuɗin yara bai ɗaure noti ba, akwai haƙƙi a wuyansa.

Akwai kuma abin da ba na so Zariya ta rasa. A nan Ingila sai iyali sun yi tanadi kafin su sayi tikiti, ɗan talaka sau da yawa a waya yake kallon wurin. A gida ɗan malamin jami'a da ɗan mai facin taya layi ɗaya suke bi, kujera ɗaya suke hawa. Ƙaton lilo mai tsada zai raba su.

Masu ilimin duba ƙarfe kuwa muna da su. Jami'ar Ahmadu Bello na Samaru tun 1962, tana yaye injiniyoyi. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga kwalejin jiragen sama da ke horar da masu gyaran jirgi, mutanen da sana'arsu ce gano tsagewa kafin ta zama karaya. Me zai hana ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari su sa doka cewa duk lilon da za a kafa da Sallah, komai ƙanƙantarsa, sai irin waɗannan sun duba shi sati guda kafin ranar? A liƙa masa shaida mai kwanan wata inda iyaye za su gani, a kafa sandar awo a bakinsa, kuɗin dubawar kuma a sauƙaƙa yadda mai lilo ba zai ƙara wa yara farashi ba.