Ba kowace roba ke korar ruwa ba

Jiya a unguwar Nima ta Accra ƙanina ya dage wai roba duk ɗaya ce, ruwa ba ya kama ta ko da zafi ko da sanyi. Wallahi ba haka ba ne. Akwai wata ana ce mata PNIPAM, in an shafa ta siriri a kan gilashi, ƙasa da digiri 32 na ma'aunin Celsius ɗigon ruwa bajewa yake yi saboda ƙananan zarurrukan da suka haɗu suka yi ta sun miƙe sun riƙe ruwa, amma da zafi ya haura 32 sai su dunƙule, ɗigon ya tattaru ya yi tudu. Zafin Accra na watan Maris ma ya isa ya juya ta. A Japan a kanta ake rainon ƙwayoyin halitta a digiri 37, in an sanyaya zuwa 20 su ɓanɓaro gaba ɗaya kamar fatar madara.